Jini a Ƙofar Motar Ɗalibai

Tas!

Marin ya sauka a kuncina kafin in ga hannun da ya kawo shi. Jakata ta suɓuce, cukun da Inna ta ƙulle mini ya watse a ƙasar tashar Tanut.

"Munafuka! Ƴar daji! Ke har kin isa ki ƙwace mini gado?"

Fa'iza ce, ƴar kawun saurayina Zakiyyu, idanunta jajir.

A bayanmu doguwar motar da ofishin kula da ɗalibai ya aiko tana ta ruri. Safiyar komawa jami'a ce, ɗaliban yankinmu na Damargu kowa na rige-rigen loda kaya za a tafi Damagaram.

"Ban ƙwace miki komai ba, Fa'iza..."

"Rufe mini baki! Yau kowa zai ji abin da kika biya da shi!"

Ni Sakinatu, a ruga aka haife ni, can bayan Belbeji. Ni ce mace ta farko a danginmu da ta taka jami'a. Bara ban sami ɗaki a site ba, masaukin ɗalibai, kuma ba ni da kowa a birni. Wata huɗu ina raɓe a barandar wasu mutane, abinci sau ɗaya a wuni. Ran da na yanke jiki na faɗi a layin resto, ɗakin cin abincin ɗalibai, Zakiyyu ne ya ɗauke ni ya kai ni likita. Shi ne delege, wakilin ɗalibai mai kula da jin daɗinsu. Shi ya kai takarduna gaban Madam Halimatu, mai duba halin marasa galihu a ofishin.

Daga "Kamarad, ya jiki?", yadda ɗalibai ke kiran juna, muka koma "Sakina tawa."

Bana gado ɗaya ya rage a ɓangaren mata, Madam ta ba ni. Fa'iza kuwa gidan yayarta na nan cikin Damagaram. Ba gadon ne ya dame ta ba. Tun suna yara Hajiyar Zakiyyu ke kiran ta surukata.

Zakiyyu ya ratso mutane da gudu, ya shiga tsakaninmu.

"Fa'iza, kin yi hauka ne?"

Ta yi wata irin dariya, ta nuna bakin tasha da baki.

"Ga mai maganinku nan."

Na waiga.

Hamma Buba!

Yayana ne ya diro daga babur, rawaninsa a warware, sandar kiwo a hannunsa. Ya damƙi mayafina, ya fizge ni har na kife.

"Ashe jikinki kika sayar aka ba ki ɗaki? Karatun ke nan?"

"Hamma, wallahi ƙarya ne! Ka saurare ni..."

Sandar ta sauka a gadon bayana. Numfashina ya ɗauke.

Ya sake ɗagawa.

Ba ta same ni ba. Zakiyyu ya faɗo ya rufe ni da jikinsa, na ji ƙas! ƙashin hannunsa ya karye.

"Kai ne ɗan iskan?" Hamma ya daka tsawa.

"Ni ne mai son ta... da aure..."

Duka na uku a fuska ya same shi. Jini mai ɗumi ya tsiyayo mini a wuya.

"Zakiii!"

Nan tasha ta kaure. Ɗalibai suka yi kan Hamma, mai dutse, mai benci, mai ƙarfen taya. Suka kayar da shi, suna ta tattaka shi.

"A kashe shi! Ya kashe delege!"

Na rasa wanda zan rufe. Na rarrafa na faɗa kan yayana, wani dutse ya fasa mini goshi.

Sai na ji muryar Zakiyyu. Ya miƙe a kan gwiwa, hannu na lilo, rabin fuskarsa jini.

"Kamarad! Duk wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa! Yayan matata ne!"

Duwatsu suka faɗi ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya sulale.

Jandarma suka tafi da Hamma. Mu aka yi asibitin Tanut da mu.

Ina zaune a ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi Hajiyarsa ta iso.

"Tashi ki ba ni wuri! Sai da na ce masa ya rabu da mutanen daji, ga shi kun nakasa mini ɗa!"

Ban tashi ba. Kwana uku ina nan, ba ta amsa gaisuwata.

A rana ta huɗu Madam Halimatu ta zo daga Damagaram. Ta duba Zakiyyu, ta wuce wurin jandarma. A wayar Hamma aka sami saƙon murya, muryar Fa'iza raɗau, tana rantsuwa wai da idonta ta gan ni ina kwana ɗakin maza. Da aka kunna wa Hajiya, zama ta yi a ƙasa.

Madam ba ta tsaya nan ba. Ta sa ni a mota, muka nufi Belbeji, muka bar hanya muka ratsa daji har rugarmu. Baffa, mahaifina, ya juya mini baya.

"Malam Sulaiman," in ji ta, "ni na ba ƴarka gadon nan da hannuna. Bara a baranda take kwana, da yunwa take shiga aji, ba ta taɓa miƙa wa namiji hannu ba. Ta ɓoye muku don kada ku ce ta dawo."

Baffa ya dubi shanunsa, ya ce:

"Yaron fa? Yana raye?"

"Yana raye. Shi ya hana a kashe ɗanka."

Ranar da aka kwance bandejin ina gefen gadon. Likita ya girgiza kai. Idon hagu ya tafi.

Zakiyyu ya juya fuskarsa bango.

"Ki je ki yi karatunki, Sakina. Kada tausayi ya ɗaure ki da mai ido ɗaya."

"Juyo ka dube ni."

Bai juyo ba.

"Masoyina, ka juyo..."

Ya juyo a hankali.

"Ko babu duka biyun, ni ce zan ja maka hannu. Kada ka ƙara faɗa mini wannan maganar!"

Daga bayana na ji sheshsheka. Hajiya ce. Ta matso ta dafa tabon goshina.

"Ɗiyata, kin ci abinci kuwa?"

Zakiyyu da kansa ya je gaban alƙali ya ce ya yafe. Duk da haka Hamma ya yi wata shida a gidan kaso. Fa'iza ba ta koma jami'a ba, ƴan uwanta ɗalibai ko gaisuwarta sun daina amsawa. Ni kuwa na kwana a gadona na site har ƙarshen shekara, ina karanta wa Zakiyyu darasi da rana saboda idon da ya rage yana saurin gajiya.

Da damina aka ɗaura aurenmu a ruga. Kamarad suka zo cike da mota, Baffa ya yanka bijimi.

Ina leƙe ta bakin bukka na hangi Hamma Buba can nesa da taro, a tsugune, kansa a ƙasa. Tun fitowarsa bai iya haɗa ido da angon ba.

Baffa ya kira shi da ƙarfi. Ya taso yana jan ƙafa, ya durƙusa ta hagun Zakiyyu.

Zakiyyu ya laluba ya kamo hannunsa.

"Hamma, dawo ta dama. Ta nan nake gani, kuma ina son in ga yayana."

Hamma Buba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba tun da nake, ya kifa kai a cinyar mijina ya fashe da kuka.