Ɗamarar Lorna

Ƙarfe huɗu na asuba ni da Wendell, abokin hawana, muna rataye a tsakiyar ƙaton dutsen nan El Capitan, so muke mu kai ƙololuwa kafin rana ta yi zafi. Ya yi gaba ina sakar masa igiya, sai na ji numfashin mutum a ƙasana.

A dutsen nan, in wanda ya fi ka sauri ya cim maka, hanya yake nema ka ba shi. Wannan ma ya nema.

"Malam, ɗan matsa mana. Ƙarfe nawa?"

Na faɗa masa. Ba fitila a goshinsa, ba allin hana santsi a hannunsa ko ɗis, sai warin tsohon tanti da ya sha ruwa.

"Yawwa, ba mu makara ba. Matata Lorna na biye, ka ce ta ɗaga ƙafa."

Ya wuce, ko tsakuwa bai motsa ba. Igiyarsa ta yi ta jan ciki ta gefen kafaɗata, sanyi ƙarara. Na haska ƙasa ina jiran Lorna.

Ƙarshen igiyar ya iso da ɗamarar hawa a ɗaure, irin wadda muke sawa a ƙugu, ƙullin daram, ba kowa a ciki. Ba a mayar da bakin ɗamarar cikin ƙarfenta ba, abin da kowa ke duba wa abokinsa tun a ƙasa.

Daga sama mutumin ya ƙwala kira: "Lorna, kin iso?"

Dab da kunnena wata mace ta ce, tana haki, "Ɗan'uwa, don Allah duba min ɗamarata."