Ƙyallen Rawaya a Ɗamarar Valero

Ni na fara gani. Kafin 'yan jarida, kafin uwarsa, kai, kafin shi kansa Valero Bescós ya san ya kamu, ni Anselmo mai jan labule na riga na gani. Ban taɓa zama a aji ba, amma yunwar bayan yaƙi ta gwada ni ta haƙura, na faɗo daga saman igiyoyin gidan rawa na tashi na kakkaɓe wandona. Mutum irina ba a koya masa gane soyayya. To ku gyara zama ku ji abin da ya sami Orosia, yarinyar da ya kamu da sonta.

Ƙarar da ta ji ba ta yi kama da ta jikin mutum ba.

Ƙas! Kamar an taka busasshen reshe.

Orosia tana tsaye a bayan labule, hannunta a kan baki. Yanzun nan Valero yake sama, ya buɗe ƙafafu yana shawagi kamar ƙasa ta manta da shi. Yanzu ga shi kwance a dandamali ya rungume ƙafarsa ta dama, a gwajin ƙarshe, ana gobe za a buɗe wasa.

Makaɗa suka tsaya cak.

"A kira likita! Agarar ƙafarsa ta tsinke!"

"Valero..." in ji Orosia a hankali.

Leonor, abokiyar rawarsa, ta riga kowa isa wurinsa. Ta durƙusa ta kwance masa ɗamara don ya sami numfashi. Tana warware ta sai wani siririn ƙyalle ya leƙo daga ciki, an ɗinke shi da ƙananan ɗinki masu kyau.

Rawaya ne shar.

Leonor ta ja da baya kamar ta taɓa maciji.

"Wayyo Allah! Wa ya sa masa wannan?"

Masu rawa suka dare. Wasu na alamar gicciye, wasu na laluben katako su taɓa don kau da masifa.

"Na ce wa ya ɗinka wannan masifar a jikinsa?"

"Ni ce..." in ji Orosia. "Ƙyallen Pilar ne. Don ya tsare shi na sa."

"Rawaya? A dandamali? Ke mahaukaciya ce?"

Orosia ta dubi Valero, tana jiran ya ce wani abu. Ya dubi ƙyallen, ya dube ta, fuskarsa sharkaf da gumi. Abin da ta gani a idonsa ya fi zagi ciwo.

Tsoronta yake ji.

Ina Orosia za ta sani? 'Yar ƙauyen duwatsu ce, zaitun da cuku take sayarwa a babbar kasuwar Zaragoza. Abin da ta sani shi ne wanda kowace uwa a garin nan ta sani: idan naka zai shiga hatsari, ka je cocin Pilar ka karɓo masa ƙyallen Uwargida Maryamu, kowane launi ka ga dama. Ita rawaya ta zaɓa, don launin rigar da ta sa ne ranar da suka haɗu. Mu kuwa 'yan gidan wasa, daga shugaba har mai shara, gara ka shigo mana da gawa da ka shigo da rawaya. Ba wanda ya faɗa mata, don ba wanda ya zaci akwai mai rai da bai sani ba.

Shi kuma Valero ba ƙaramin mutum ba ne. Ɗan mahauci ne. Ubansa ya sha zane shi a kan rawar bale ta Turawa, wai ba aikin maza ba ne, har ya gudu Madrid da takalmi ɗaya a jaka. Daga nan sai London, sai Paris, sai ƙasar Rasha, inda aka ce mata suna suma in ya yi tsalle. Da ya dawo gida ya yi wa mutanensa rawa, sai ya shiga kasuwa sayen zaitun. Ina biye da shi ranar. Ya ɗanɗana ɗaya, ya ɗanɗana biyu, Orosia mai teburin ta doke masa hannu.

"Malam, saye ka zo ko kalaci?"

"Ba ki san ko ni waye ba?"

"Na sani mana. Mai cinye min jari."

Yadda ya yi dariyar nan, na ce a raina shi ke nan, an gama da ɗan mahauci.

A asibiti, Doña Ramona, mahaifiyarsa, ta tare ƙofa da jikinta.

"Mama, don Allah ki bar ni in gan shi ko daga nesa..."

"Kar ki ƙara ce min Mama! Ban haifi mai karya min ɗa ba."

"Wallahi ban sani ba."

"Ai shi ya sa na ce masa ya nemi 'yar gida irin Leonor, wadda ta san abin da ake yi da wanda ba a yi. Ya ƙi ji, ya kwaso min mai warin cuku!"

"Ki tambaye shi, in ya ce in tafi zan tafi."

Doña Ramona ta shiga, ta bar ƙofar a buɗe da gangan. Orosia ta ji muryarsa da kunnenta, a shaƙe, a gajiye.

"Ki ce mata kar ta shigo, Mama."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba.

Tun daga ranar tsoro ya tare a jikinta. In ta ga rawayan lemon tsami a teburin maƙwabciyarta sai gabanta ya faɗi. Rawayar rigar nan ta cusa ta a murhu. Ta daina taɓa jariran mutane, ta daina yi wa kowa fatan alheri, don gani take hannunta ne ke ɗauke da abin. In wani ya karya reshe ko ya fasa akwatin katako a kasuwa, sai ta toshe kunne ta durƙushe a bayan tebur.

Ni kaɗai nake zuwa wurinta daga gidan rawa. Ni ba na tsoron komai.

"Baba Anselmo, yana takawa?"

"Da sanda, 'yata."

"Yana... yana ambatona?"

"Ba ya ambaton kowa. Bango yake kallo."

Sanyi ya wuce, bazara ta wuce. Sai labari ya cika gari: Valero Bescós ya jefar da sanda, zai koma dandamali a bikin Pilar.

Washegari sai ga Leonor a kasuwa, da baƙin tabarau da dogon takalmi.

"Ƙawata, kin rame."

"Me za a ba ki?"

"Shawara na kawo miki kyauta. Na ji yana cigiyarki. Maza ai ba su da hankali." Ta matso ta rage murya. "Wancan karon ƙafa ce. Kin san a wannan rawar daga kan matakala yake dirowa? In kika zo ya faɗi, wuya ne zai karye. Ke za ki iya ɗaukar gawarsa a ranki?"

Orosia ta kawar da kai.

"In kina sonsa, ki koma duwatsunku. Ni zan kula da shi. Dama Mama ta gama magana."

Orosia tana cikin haɗa kayanta a ranar, ta yanke shawarar barin gari, sai ta ga hannu ya shiga kwanon zaitun ya ɗauki ɗaya.

Ta san hannun.

"Yau ba za a doke ni ba?"

"Valero! Ka matsa! Kar ka taɓa ni!"

"'Yar dutse..."

"Don girman Allah ka tafi. Ni ce na karya ka."

"Na zaci haka ni ma," ya ce a hankali. "Ba zan yi miki ƙarya ba, rayuwata. Tun ina yaro aka cusa min tsoron launin nan, har yau in na gan shi kau da kai nake. Na kore ki don na tsorata. Sai na kwanta ina kallon bango, na ga ba rawar nake kewa ba."

"Ka daina..."

"Ke nake kewa. Har masifarki."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ki zo ranar Asabar da la'asar. Ki tsaya inda kika saba tsayawa."

"Ba zan zo ba! In ka mutu fa?"

"In ba ki zo ba, labule ba zai buɗe ba. Na rantse da kabarin babana."

Ya ɗauki wani zaitun ɗin ya tafi, yana ɗan ɗingishi kaɗan wanda sai mai sonsa ne zai lura.

Ranar Asabar ta zo cikin baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, kamar mai zuwa jana'iza. A ƙofar bayan gidan rawa Doña Ramona na jiranta.

"Ya ce sai kin shiga. To ba za ki shiga da komai ba. Ɗaga hannu!"

A gabana tsohuwar nan ta laluba yarinyar kaf. Ta zazzage jakarta, ta duba cikin takalmi, ta juya bakin siket, ta warware mata gashi.

"'Yan kunnen nan fa?"

"Na kakata ne, Mama. Zinariya ce."

"Zinariya ba rawaya ba ce? Cire!"

Ta cire da gaggawa har ta ji wa kunnenta ciwo. Doña Ramona ta damƙe su a tafinta, ta tsaya a gefenta kamar mai gadin fursuna.

Na ja labule.

Gidan ya cika har saman bene. Valero ya fito, aka yi ta tafi kamar rufi zai faɗo. Ya fara rawa. Jama'a, na ga masu rawa a rayuwata, amma irin ta ranar ban taɓa gani ba. Yana juyi kamar ba ƙashi a jikinsa, yana ɗaga Leonor kamar yana ɗaga gyale.

Orosia ba ta ga ko ɗaya ba. Idonta a rufe, leɓenta na motsi.

"Ya Allah, ka ɗauki tawa ƙafar... ka ɗauki tawa..."

Kiɗa ya fara hawa. Ta san wurin, nan ne matakala. Ta kasa jurewa ta buɗe ido.

Yana can sama. Ya juyo ya dube ta.

Ya yi tsalle.

Tim!

Gidan gaba ɗaya ya ja numfashi. Valero na ƙasa, a kan gwiwa da kafaɗa, ya mirgina har bakin labule.

Orosia ta ƙwalla ƙarar da sai da mai goge ya yar da gogensa. Ba ta san sanda ta faɗa dandamali ba, a gaban dubban mutane, gashi a warware.

"Na kashe shi! Wayyo na kashe shi! Valero, ka tashi! Masoyina ka tashi!"

Ya buɗe ido.

Dariya yake.

"Mama!" ya ɗaga murya, har na kujerun gaba suna ji. "Zo nan. Kin laluba ta?"

Doña Ramona ta fito. "Na... na laluba."

"Kin sami rawaya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mama, kin samu?"

"Ko ɗigo babu a jikinta, ɗana."

"To ga shi na faɗi." Ya kama hannun Orosia ya ɗora a ƙirjinsa. "Kin gani, hasken idona? Ƙafar ce ta tsufa. Ba ke ba ce. Ba ke ba ce tun farko."

Orosia ta dube shi, ta dubi hannunta da ke kan ƙirjinsa. Zuciyarsa na bugawa lafiya lau a ƙarƙashin tafinta. Ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Wawa kawai... ka tsorata ni... wawa!"

"Na ji. Za ki auri wawan?"

"Ka tashi tukuna, mutane na kallo!"

"Sai kin amsa."

"Na amsa! Tashi!"

Ya miƙe yana dafe da ita. Leonor ta matso tana cizon leɓe.

"Valero, za mu iya ci gaba daga..."

"Ki nemi wani ya ɗaga ki, Leonor. Na gama."

Ya fuskanci jama'a ya rusuna, rusunawarsa ta ƙarshe. Doña Ramona ta daɗe a tsaye tana kallon tafinta. Can ta matso, ta kama kunnen Orosia ta mayar mata da 'yan kunnen da kanta, ta goge ɗan jinin da bakin gyalenta.

"Ki zo gida gobe, 'yata. Kin rame da yawa."

Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura aure. Valero bai ƙara hawa dandamali ba. Ya buɗe makarantar rawa a bayan kasuwa, 'ya'yan mahauta da na masu kifi suka cika ta. Jaridu suka rubuta cewa ƙafa ce ta ci amanar gwarzon Spain.

Ƙarya suke.

Ni ina riƙe da igiya, tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba. Na faɗo daga sama da jikina, na san yadda mai faɗuwar gaske yake: idonsa fita yake, hannunsa na laluben iska. Valero kuwa tun yana sama ya karkata kafaɗa ya zaɓi inda zai sauka. Ƙafar nan lafiyarta ƙalau, da ya so da ya ƙara shekaru yana tashi. Da gangan ya zubar da sunansa a gaban garinsu, don yarinya ɗaya ta daina tsoron hannunta. Orosia ba ta taɓa sani ba har ta koma ga Allah, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Wanda ya ce ƙarya nake, ina nan kullum da hantsi a shagon kofi na ƙofar kasuwa, kujerar jikin taga. Ya zo ya hau tebur ya faɗo min yadda ake faɗuwar gaske in gani. In ya tashi da ƙafafunsa, sai mu yi gardama.