Agogo Cikin Shinkafa

A shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kai, sunan Ghana bai ko gama zama a bakin mutane ba, Ashetu ta shiga ofishin wata makarantar kwana da ke bayan garin Tamale da kwanon shinkafa a ka. Mahaifinta ne ya aiko ta, Alhaji Tahidu na unguwar Moshi Zongo. Makarantar na neman wanda za ta ba kwangilar kawo shinkafa, an ce kowane ɗan kasuwa ya kawo samfur.

Mutaru ne akawun da aka ɗora wa zaɓen. Ɗan unguwar Tishigu ne, bai fi wata huɗu a kujerar ba, tun da Baturen da ke kanta ya koma ƙasarsu. Ya ɗago zai amsa sallama, sai ya shagala har tawada ta ɗiga a takardar gabansa. Ashetu ta gani, ta danne dariya da gefen mayafi.

Ya tsoma hannu cikin shinkafar yana neman tsakuwa, sai yatsunsa suka ci karo da abu mai tauri. Agogon hannu ne sabo fil, naɗe cikin ƙyalle. Ya dube ta. Yadda fuskarta ta sauya, ya gane ba ta san abin da ta ɗauko ba.

"Ki ce wa Alhaji na ga shinkafa, na gode," ya ce a hankali, yana miƙa mata ƙyallen. "Wannan kuwa ina jin faɗawa ciki ya yi."

Daga ranar kekensa ya koyi hanyar Moshi Zongo bayan la'asar, ko da yake ba hanyar gidansu ba ce. Lamisi, ƙawar Ashetu mai sayar da koko a ƙofar makaranta, ita ke kai musu wasiƙa. Da ajami suke rubutu.

"Shetu, tun ranar nan duk takardar da na ɗauka sai na ɓata ta. Faɗa mini wurin wa zan kai ƙara."

Amsa ta zo washegari: "Akawuna, kai ƙara wurin Baba. Shi ne alƙalin."

Ya je. Alhaji ya karɓe shi da fara'a, aka kawo fura, ba wanda ya ta da zancen agogo. Sai da ya tashi tafiya dattijon ya ce, kamar da wasa, shi bai ga yadda mutum zai tsallake buhun uba ya zo neman 'ya ba.

Maganar ta zauna wa Mutaru a ƙirji. Cikin samfurin da aka kawo, biyu ne suka yi fice: na Alhaji, da na wata gwauruwa mai suna Mma Lariba. Shinkafar Alhaji fara ce tas. Ta Lariba ta ɗan fi duhu, amma ta fi auki a tukunya. In ya zaɓi Alhaji ba mai cewa kayan ba su da kyau, sai dai shi kansa ba zai taɓa sanin shinkafa ya zaɓa ko Ashetu ba. In kuma ya zaɓi Lariba don ya wanke sunansa, wataƙila ya zalunci Alhaji.

Mahaifiyarsa ta ce ya daina wahalar da kansa, ai Turawan ma sun karɓi ƙwai da zabi, ba wanda ya mutu. Ya saurare ta da ladabi. Amma ya tuna yadda ake cewa baƙar fata ba zai iya riƙe ofis ba, ga kuma yara ɗari uku da za su ci abin da ya zaɓa shekara guda cur.

Ran Alhamis ya samu hedimasta, ya faɗa masa yana neman 'yar ɗaya daga cikin masu neman kwangilar, ya roƙi a cire hannunsa daga zaɓen. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Hedimasta ya sa mata masu girki suka dafa kowace shinkafa ba tare da sanin mai ita ba. Ta Lariba suka zaɓa.

Akwai Amidu mai kula da sito, wanda shi ya ba Alhaji shawarar agogon, kuma ya daɗe da sa ido kan Ashetu. Kafin magariba ya isa Zongo da labarin wai Mutaru ya kai Alhaji gaban hedimasta a matsayin mai ba da cin hanci. Alhaji ya ce kada ya ƙara ganin keken nan a ƙofar gidansa.

Wasiƙar Ashetu gajeriya ce: "Da ƙin Baba kawai ka yi, da na daure. Amma ka tona masa asiri. Kada ka ƙara rubuto mini."

Ya rubuta sau uku, sau uku Lamisi ta dawo da takardar a naɗe. Wata biyu suka wuce haka. Ya rame, har ya fara tambayar kansa ko gaskiyar da ta raba shi da ita ba girman kai ba ce kawai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ce Alhaji na kiransa. Ya tarar da Mma Lariba zaune a zaure. Ashe Lamisi ce ta ba ta labari, ita kuma ta je ta tambayi hedimasta da bakinta, ya ce shi bai taɓa jin zancen wani agogo ba. Ta gaya wa Alhaji shekara shida tana kai samfur ofisoshi, ba a taɓa dafa nata ba, don ba komai a ƙarƙashinsa.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Me ya hana ka faɗa wa hedimasta zancen agogon?"

"Na mayar da shi, Baba. A wurina magana ta ƙare tun ranar."

"Ka san zan rasa?"

"Ban sani ba. Addu'a na yi ta yi taka ta ci."

Dattijon ya yi murmushi, irin wanda ba na daɗi ba ne duka. Ya ce da ƙafa ya shigo garin nan daga arewa, bayan jakuna biyu, kuma kowace ƙofa sai da ya sa wani abu a hannun mai tsaronta. Bai taɓa bayarwa da daɗin rai ba, amma ya bayar har ya manta ana iya shiga ba haka ba.

"Ka turo manyanka," ya ce.

A bakin ƙofa Ashetu ta tare shi, kanta a sunkuye. Ta ce ta gaskata bakin wani ta ƙi karanta hannunsa, ya yafe mata.

"Shetu, wadda ta yi fushi don mutuncin ubanta, ina jin nawa ma yana da mai tsaro."

Bayan babbar sallah aka ɗaura aure, makaɗan Dagomba, ƙabilar ango, na gefe guda, na Zongo na gefe guda. Da za a kai amarya Tishigu, Alhaji ya riƙe hannun Mutaru ya ce, "Ban sayar maka ba, ba ka saya ba. Amana ce. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai tsoronsa."

Jama'a suka shafa, Ashetu na kuka cikin mayafi, Mutaru ya ce amin har sau uku.