Man Shafawa Mai Ƙasa Uku

Da kwalin bai suɓuce daga hannun masu sauke kaya ba, da man ya shige kasuwa lami lafiya. Da hantsi ya faɗo a tsakiyar siton kwastan, kwalabe suka tarwatse, ƙamshi ya gauraye wurin. Sufeto, wadda ta shekara goma sha tara tana duba kayan da ake shigo da su, ta tsuguna ta ɗauki guda da ba ta fashe ba.

Takardar jikinta mai ruwan zinariya ta ce a wata ƙasar Turai aka yi man. Gindin kwalbar ya ambaci wata ƙasa daban. Da ta murɗe murfin, sai ga ledar azurfa da ake liƙe bakin kwalba da ita, ɗauke da ƙananan rubutu irin na wata ƙasar gabas mai nisa.

Ta taɓe baki. "Mai ɗaya, ƙasa uku. Sannu da yawo."

Ƙa'idar aikin a bayyane take. Asalin man shafawa shi ne inda aka haɗa shi, aka dama har ya zama mai. Inda aka ƙera kwalba ko aka manna takarda ba ya cikin lissafi. Mayukan waccan ƙasar ta gabas kuwa ba a sakinsu sai an gwada, don an sha samun zaiba a cikinsu, gubar da ke haskaka fata da sauri sannan ta ci ƙoda. Mai takardar Turai shi ke wucewa ba gwaji. Wani ya san da wannan sarai.

Ta hana kwantenar da ta kawo kayan fita, ta aika kwalba ɗaya ɗakin gwaji. Washegari sakamako ya zo: zaiba ce jingim. Ta jefa takardar a durowa, ba ta gaya wa kowa ba.

Ejan ta fara kira, mai fitar wa mutane kaya daga kwastan. Ya shigo yana ta sunkuye-sunkuye, kamar ita ta haife shi.

"Wa ya ba ka takardar shaidar asalin kayan nan?"

"Daga ofishin Alhaji aka aiko, ranki ya daɗe. A ambulan, a rufe."

"Ka karanta?"

"Na ga hatimi, ranki ya daɗe. Babba."

Ta miƙa masa takardar a juye, ta ce ya nuna mata sunan ƙasar. Ya ƙura wa takardar ido yana gyaɗa kai, bai ko juya ta daidai ba. Wanda bai san kan takarda da gindinta ba, ina zai iya ƙirƙiro ta? Ta sallame shi.

Alhaji mai kayan ya iso da rana, turarensa ya riga shi shigowa. Bai jira an ba shi kujera ba.

"'Yata, kin san da wa kike magana? Babbanku ma a gidana yake shan shayi."

"To Allah ya ƙara danƙon zumunci. A ina aka haɗa man nan, Alhaji?"

"A Turai mana! Ba ki iya karatu ba ne?"

"Ka je ka gani da idonka?"

"Ni zan je? Me Dakta yake yi? Ƙanin maiɗakina ne, shi ya yi karatun haɗa magunguna. Shi na tura, shi ya dawo da takardu."

Sufeto ta dube shi. Mutum ya cika kwantena da abin da za a shafa a fuskar 'ya'yan mutane, iyakar saninsa a kai launin takarda. Sakarci ne ko mugunta, shi ne abin da ba ta tantance ba tukuna. Ta ce ya kira Dakta, ya zo da fasfonsa.

Kafin ya iso ta zauna da takardun jirgin ruwa. Kwantenar ta taso daga gabas cike. Ta tsaya a tashar ƙasar Turan kwana biyu, ta wuce.

Dakta ya shigo da kwat da tabarau, yana kaɗa mukullin mota a yatsa. Ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Madam, harkar nan ta zamani ce, ba lalle ki gane ba. Yanzu kaya ba su da ƙasa ɗaya. Kwalba daga nan, sinadari daga can."

"Na ji. Ledar bakin kwalbar fa? Yaushe ake liƙa ta, kafin a zuba mai ko bayan an zuba?"

Ya gyara tabarau. "Bayan an zuba, ai ko yaro ya san wannan."

"To rubutun gabas ne a kanta."

"Turawan ne suka sayo ledar daga can. Ana yi."

"Ana yi," in ji ta. Ta buɗe fasfonsa tana juya shafuka a hankali. "Kwana arba'in ka yi a gabas. A Turai kwana uku."

"Aikin Turawa ba ya ɗaukar lokaci."

Ta jawo sabuwar kwalba, ta ɓare ledar, ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Tunda kun yarda da kayanku, bismillah. Kowa ya shafa."

Alhaji ya yi tsaki, ya lakato da yawa, ya mulke bayan hannunsa har wuyan hannu. "Ga shi nan. Sai me?"

Ta tura kwalbar gaban Dakta. Ya janye hannuwansa ya cusa a aljihu.

"Ni fatata ba ta son mai."

"Ɗan kaɗan, a yatsa."

"Madam, wannan wulaƙanci ne! In wani ya ce miki akwai zaiba a ciki, ƙarya yake, hassada ce ta 'yan kasuwa."

Sufeto ta jingina da kujera.

"Wa ya ce zaiba?"

Dakta ya cire tabarau ya hau gogewa.

"Tun safe zancen ƙasa nake yi," in ji ta. "Ban ambaci zaiba ga ejan ba, ban ambata wa Alhaji ba, kai ma ban ambata maka ba." Ta buɗe durowa ta fito da sakamakon gwajin, ta shimfiɗa a gabansa. "Ka riga takardar magana. A gabas aka haɗa man, aka zuba, aka liƙe. Kana can kwana arba'in, a gabanka aka yi. Ka san ba zai tsallake gwaji ba, shi ya sa ka bi da kwantenar ta Turai. Kwana biyu ba sa isa a dama man kwantena guda, amma sun isa a manna masa takardar zinariya, a buga shaidar ƙarya. Ejan bai iya karanta ta ba. Alhaji bai damu ya karanta ba, amma da ya san abin da ke ciki da bai mulka a hannunsa ba. Kai kaɗai ka ji tsoron kwalbar nan."

Alhaji ya dubi hannunsa yana sheƙi. Ya juya a hankali ya fuskanci ƙanin matarsa, muryarsa ta koma ƙasa.

"Samfurin da ka kawo gida. Wata uku yayarka tana shafa shi safe da yamma. A gabanka."

Dakta ya sunkuyar da kai. "Yaya, ai na ce mata kaɗan-kaɗan."

Sufeto ta daɗe tana kallonsa, kamar ta taka wani abu a hanya. Ta ɗaga hannu, jami'ai biyu suka shigo, ɗaya ya karɓe mukullin motar, ɗaya ya kama masa gwiwar hannu. Har suka fice bai ɗago ya dubi kowa ba.

Alhaji ya miƙe yana goge hannu a rigarsa, duk girman kan ya zube.

"'Yata, yanzu ni me zan yi?"

"Famfo yana bayan ƙofa, akwai sabulu," in ji ta, tana jawo fam ɗin kama kaya. "In ka wanke, ka kai matarka asibiti a duba ƙodarta. Yau, ba gobe ba. Kwantena kuma ta zama tamu."