Jirgin Da Na'ura Ba Ta Gani

"In kika taka filin jirgin nan, ba ni ba ke!"

Yaya Alassani ne ya tare ƙofa, idanu jajur. Tun rasuwar babansu shi ne uban gidan, shi ne kuma jagoran matasan yajin aiki a unguwarsu da ke garin Sokodé. Ga ƙanwarsa Mu'minatu, mai kula da rediyon filin jirgi, tana neman watsa masa ƙasa a ido.

"Yaya, Djibril ya tashi da magunguna zuwa Dapaong... ba kowa a rediyo!"

"Ba shi ya ce ki zauna ba?"

Shi ne fa, abin da ke cin ranta ke nan. Jiya saurayin nata ya nuna mata wata na'ura da aka liƙa a ƙaramin jirginsa, baki har kunne.

"Duk jirgin da ya matso za ta yi ƙara. Ki huta, abar ƙaunata."

"Wanda ya kunna tasa kaɗai take gani! Manyan da ke tserewa Burkina saboda yajin nan da tasu a kashe suke tafiya, ni suke kira su tambayi yanayi."

"Kishi kike da ƙarfe?"

Kai, namiji! A haka suka rabu, ko sallama babu.

Yanzu kam tsoro ya fi fushi. Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannun Alassani ta fice, ta haye babur ɗin haya, suka ratsa hayaƙin tayoyi matasa na yi mata ihun maciya amana.

Tana isa filin jirgin ta kunna rediyo, sai wata baƙuwar murya ta shigo, jirgi ne mai gudu, yana dosar Bombouaka, kusa da Dapaong. Daidai inda Djibril yake!

"Djibril, yi ƙasa! Yi ƙasa yanzu!"

Ta sake danna maɓallin rediyon.

"Djibril... don Allah..."

"Mu'mina..." Muryarsa ta shigo. "Ina yin ƙasa ya wuce ta kaina, inuwarsa ta rufe ni. Na'urar ko tari ba ta yi ba. Ki yafe mini, rabin raina."

Ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

Da yajin ya lafa aka ɗaura aurensu a Dapaong, garin su Djibril. Tana daga ɗaki ta ji liman yana tambaya, "Ina waliyyin amarya?"

Ya sake tambaya. Ta ƙura wa ƙofa ido ko Yaya Alassani zai ɓullo, amma bai zo ba.

Can wani tsoho maƙwabcin Djibril, wanda ko sunan babanta bai sani ba, ya gyara murya ya ce, "Ni ne."