Sunan da Yaya Ya Liƙa wa Littafin Auta

Auta na durƙushe a tsakiyar falo tana gugar kayan da za ta sa zuwa aiki, Umma na kan doguwar kujera tana yanke farce, sai ga Yaya ya banko ƙofa ko sallama babu, waya a hannu, baki har kunne.

"Ke marubuciya! Ajiye dutsen gugar nan ki zo ki ga aikin manya!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ita da Yaya dama ba a cika jituwa ba. Shagon buga allunan talla gare shi a bakin titi, kuma irin mutumin nan ne da zai rubuta wa mai sayar da ruwan sanyi cewa ruwansa na maganin tsufa, bai ko ƙifta ido ba. Dole ce ta sa ta roƙe shi ya ɗora mata littafinta a shafin karatu na intanet, don shi ke da kwamfuta. Labarin wata mata ce da mijinta ya faɗo daga saman gini ya daina tafiya, ta zauna tana jinyarsa. Auta ta sa masa suna "Ladan Jinya", ta tura linkin a gurup ɗin danginsu, ta tura a na dangin Dogo, saurayinta da aka riga aka sa musu rana. Watanni suka shuɗe, waɗanda suka buɗe ba su cika cikin mota ɗaya ba.

Yaya ya danna mata wayar a fuska. Lambar masu karatu ta fara gani, ta haura dubu tara. Murna ta kama ta, kafin idonta ya hau sama ya ga sunan. "Ladan Jinya" ya ɓace. Abin da ke wurin da jan rubutu shi ne "Zafin Daren Matar Aure". A ƙasa kuma ga 'yar tallar da ya rubuta: "Mijinta ya zama hoto, ita kuwa jininta na tafasa... Me ya faru da maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa? Yara ku kauce, na manya ne zalla!"

"Na shiga uku! Yaya, wane maƙwabci? Babu wani maƙwabci a littafina!"

"To ki saka shi mana, wa ya riƙe miki hannu?"

"Ka ma karanta littafin kuwa?"

"Ni? Allah ya kiyaye, ina da aikin yi. Ke dai kin ce miji na kwance, shi ke nan na samu abin da nake so. Yarinya, mutane ba littafi suke dannawa ba, suna suke dannawa. Wa zai ƙona datarsa a kan jinya? Asibiti ne?"

Umma ta ɗago. "Wai me ake ciki ne kuke min ihu a ka?"

"'Yarki ce ta yi suna, Umma," in ji shi, ya zura wayar a aljihu.

Auta ta ce ya cire, ya ce gobe. Goben ta zo, lambar ta ninka. A nan ne fa Auta ta yi abin da ya kusa cinye ta, wato ta yi shiru. Gaskiya ɗaya ce, daɗi ta ji. Yarinyar da ta yi wata da watanni tana rubutu babu mai ce mata sannu, yau ga dubbai a ƙofarta. Ta riƙa lallashin kanta da cewa ai cikin littafin tsaf yake, wanda ya shigo don banza zai fita da darasi. Ba su fita da komai ba sai haushi. Kwament ɗinsu kamar ruwan sama: "Ina maƙwabcin?" "Babi takwas ana goge wa mutum baki da tsumma, an cuce mu!" "Malama ki shiga harka ko mu bar miki kayanki." Suna zagi, wasu na ƙara shigowa, ita kuma tana leƙa lambar ko a wurin aiki.

Abin da ita da Yaya suka manta shi ne linkin nan yana nan zaune a gurup ɗin dangin Dogo, da sunanta a ƙasa. Da aka canja suna, sai hoton da ke jikin linkin ma ya canja. Mutanen da suka yi watanni suna tsallake "Ladan Jinya" ba su tsallake wannan ba.

Wata yamma Anti, babbar yayar Dogo, ta faɗo gidan mayafi a kafaɗa, tana huci. Ba ta zauna ba, ruwan da Umma ta miƙo ma ba ta kalla ba.

"Ina 'yar iskar take? Fito munafuka! Kullum kai a sunkuye kamar ta Allah, ashe tantiriya ce!"

"Subhanallahi! Baiwar Allah, lafiya?" Umma ta miƙe tsaye.

"Lafiyar ke nan! Ku tambayi 'yarku abin da take rubutawa duniya na karantawa!" Ta karanto sunan da tallar da ƙarfi, tana jan kowace kalma, har maƙwabta suka fara leƙe ta taga. "Budurwar da ba ta shiga ɗaki ba, a ina ta san zafin daren matar aure? Wallahi ƙanina ba zai kwashi wannan ƙazantar ba! Gida za a kawo mana ita ta riƙa jiran maƙwabci?"

Auta ta fito daga ɗaki hawaye shaɓe-shaɓe. "Anti, don Allah ki buɗe ciki ki gani, wallahi babu..."

"Ni in buɗe? Allah ya tsari idona! Sunan ma ya ishe ni!"

Ta fice ta bar ƙofa a wangale. Umma ta koma ta zauna daɓas, ta dubi Auta irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba, ta ce, "Kin kashe ni da raina." Yaya kuwa da aka kira shi cewa ya yi ƙauyanci ne ke damun mutane, ya kashe wayarsa.

Washegari ta sami Dogo a shagonsa na gyaran firji. Yana tsugune bayan wani tsohon firji, hannu duk baƙin mai, bai yi mata murmushin da ya saba ba.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, Auta. Kin san an sa wannan sunan?"

Ga hanya nan a buɗe, ta ce Yaya ne, ita ba ta sani ba. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Yaya ne ya sa. Amma na gani, na bari."

Ya ajiye sukundireba a hankali. "Kin bari."

"Ka karanta cikinsa, Dogo, ka ga..."

"Na karanta tun ranar da kika turo, tun yana da sunansa na arziki. Har wayata na miƙa wa abokaina ina cewa ku ga matar da zan aura. Shi ya sa abin ya fi ci min rai. Yau su ɗin ne ke turo min hoton suna dariya! Kin san abin da ake kirana a layin nan? Mijin hoto!" Ya juya mata baya. "Mama ta ce ki zo gobe da yamma. Abin da ta yanke shi zan bi, ba zan ɓoye miki ba."

Ta koma gida ta shige ɗaki. Ba zagin Anti ne ya hana ta cin abinci ba, bayan da Dogo ya juya mata ne.

Mama, mahaifiyar Dogo, tsohuwa ce mai ƙarancin magana, idonta ya yi rauni har ba ta iya karatu a waya. Auta ta same ta a falo kan kujerar roba, Anti a gefe tana karkaɗa ƙafa, Dogo a bakin ƙofa kai a ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ta, aka amsa a taƙaice.

"An ce kin rubuta batsa," in ji Mama. "Ni ban gani ba. Ke da kika kawo ƙara, kin karanta?"

Anti ta yatsine fuska. "Haba Mama, me zan karanta a wannan?"

"To yau za ki karanta. Buɗe daga farko, da ƙarfi, ina ji. In mun iso wurin ƙazantar, ni da kaina zan aika a ce an fasa."

"Mama! A gaban Dogo?"

"A gaban unguwa kika yi shelar, ai gaban Dogo ba zai gagare ki ba. Bismillah."

Haka Anti ta fara, murya cike da gatse, tana sauri tana zazzare ido don ta cafko abin da take nema. Da ta ja shafi da yatsa sai Mama ta ce, "Koma baya, kin yi tsallake." Magariba ta yi ba a ga maƙwabci ba. Aka ce a dawo gobe. Aka dawo, aka sake dawowa, Auta na durƙushe a wuri ɗaya kamar mai jiran hukuncin alƙali, Anti na harararta tsakanin layi da layi. Sai ga shi gatsen ya fara zubewa daga muryar mai karatu. Da aka zo inda matar ke juya mijinta a kan katifa don kada bayansa ya yi gyambo, tana yi masa hira yana kallon rufi, Mama ta sa gefen mayafi ta share ido. Ita ma haka ta yi jinyar mahaifinsu Dogo har ya koma ga Allah, kuma Anti ce yarinyar da ke riƙe mata kwanon ruwa a lokacin. Anti ta tsaya, ta yi tari, ta ce ƙura ce.

Da Anti ta kai ƙarshen abin da ke shafin, ta ajiye wayar. Auta ta saki ajiyar zuciya, ta ɗauka ta tsira.

"Kada ki yi saurin murna," in ji Mama, murya a kaurare. "Littafinki ba shi da datti, na ji da kunnena. Amma kin ɗauki abu mai tsabta kin rataya masa allon gidan banza, kin tsaya kina ƙirga masu shigowa. Waɗanda suka shigo ba ke suka zo nema ba. Waɗanda suka wuce kuma ba za su taɓa sanin abin da ke ciki ba, allon kawai za su riƙe, da sunanki, da na ɗana. Zaɓi ya rage naki, ko taron nan ko gidan nan."

Daga nan Auta shagon Yaya ta nufa kai tsaye. Ta same shi yana yanka wata leda mai hoton takalma.

"Ba ni fasuwod ɗin shafin."

"Ke, kina da hankali? Kin san mutum nawa ke bin ki yanzu? Babi ɗaya kawai za ki ɗan sa yaji, wallahi sai kin fi ƙarfin Dogo da danginsa!"

"Ba ni fasuwod, Yaya."

"Saboda mai gyaran firji za ki koma rubuta wa bango? Banza mara rabo! Ni na ɗaga ki!"

"Ka ɗaga ni ka ajiye a bola! Umma ko fita ba ta iya yi saboda kunya. Ba zan bar shagon nan ba sai ka ba ni, in ka ga dama ka kira 'yan kallo!"

Kwastomomi sun fara juyowa. Ya ja tsaki, ya tura mata kwamfutar. Da hannunta ta goge jan rubutun, ta mayar da "Ladan Jinya", ta rubuta a ƙasa cewa labarin jinya ne, babu maƙwabci kuma ba za a yi ba, wanda tsohon suna ya yaudara ya yafe mata. Kafin ta isa gida zagi ya cika shafin. Cikin 'yan kwanaki taron ya watse kamar an yi ruwa a kasuwa, sabon babin da ta ɗora ya kwana ya wuni babu mai leƙawa. Ta yi kuka, ba ƙarya, don abin da ciwo. Yaya ya daina amsa gaisuwarta.

Dogo ne ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar gida yana murza hularsa. "Mama ta ce rana tana nan inda take," ya ce, sannan ya yi mata murmushin nan da ta yi kewa.

Sai dai hoton tsohon sunan bai mutu ba, yana nan yana yawo a wayoyin mutane. Ranar biki, Auta na zaune cikin mata, ta ji wata daga baya tana raɗa da ƙarfin da za a ji: "Ita ce fa mai littafin nan na batsa." Ta sunkuyar da kai. Mama da ke kusa ta kamo hannunta ta riƙe gam, ta juya inda muryar ta fito.

"Ita ce, surukata ce. Ni na saurari littafin daga farko har ƙarshe. Ke a ina kika tsaya?"

Matar ta nemi hanyar fita ta rasa.

'Yan'uwa masu rubutu, suna da talla su ke zaɓar miki wanda zai shigo, su ne kuma abin da wanda bai shigo ba zai tafi da shi. Auta ta yi haƙuri ta faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, ta saki dubbai ta riƙe mutuncinta, Allah kuma bai kunyata ta ba.