Sai Ta Ci Jarrabawa Za A Kawo Haƙori

Ranar da Torika ta fara shiga ajin Turanci na ma'aikatan jinya a birnin Suva, a makare ta zo, ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf. Malamin, Apisai, yana bayanin harɗaɗɗiyar sifa: kalma biyu a ɗaure su da karan ɗori, su siffanta abu ɗaya. Ya nemi misali.

"Long-winded teacher," in ji ta. Wato malami mai dogon surutu.

Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa bawan Allah, alli ya suɓuce masa. Ai shi ke nan, ya kamu!

Torika na son cin jarrabawar ne don ta samu aikin asibiti a Brisbane, can ƙasar waje. Ƙannenta na jiran wannan aiki, haka mahaifinta, tsoho Waisea. Da tsohon ya ji labarin soyayyar, ya kira Apisai gaban kwaryar yaƙona, abin shan gargajiyarsu.

"Yaro, ni ba a yi min wayo. Mai son yarinya ba ya koya mata hanyar barinsa. Za ka bari ta faɗi don ta zauna."

"Baba, ba zan kawo haƙorin babban kifin da ake neman aure da shi a al'adarmu ba sai ta ci."

"In ta ci kuma, ta tafi."

"Na sani, Baba."

Daga ranar ya matsa mata lamba, ba sani ba sabo. Ta rubuta "two-years contract", ya ja jan biro: "Two-year! In lamba ta shiga sifa, jam'i ya fita." Kullum gyara, babu ko murmushi. Abin ya ƙona mata rai, ta tura masa saƙo:

"Malamina, ko ka gaji da ni ne kake gaggawar kora ta? Wallahi zan iya faɗuwa da gangan."

Ya amsa: "Ƴar rigimata, kullum na gyara miki kuskure, ji nake kamar ina haɗa miki akwati da hannuna. Amma ba na son matar da ta zauna don ta rasa hanya. Ki ci, sannan ki zaɓe ni."

Ta yi kukanta ta ƙoshi, ta ɗauko littafi.

Ta ci, ci mai kyau kuwa! Dangin Apisai suka zo da haƙorin a igiyarsa, suka durƙusa. Tsoho Waisea ya daɗe yana kallon saurayin da ya yi wa kansa wannan aika-aika, sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

An ɗaura aure a cocin ƙauyensu, aka tone ramin da aka gasa abinci a ciki, aka ci rogo da kifi har maƙwabta suka gaji.

Da za a watse tsohon ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka. Torika, jirginki na nan tafe. Je ki, ba na tsoro. Wanda ya iya sakinki don alherinki, shi zai iya riƙe ki."